Bargon Jika na Bakwai

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Yau kwana arba'in da faɗuwar matata Rahmatu, kwana goma sha biyu da sallamo ta daga asibiti. Hannun dama bai motsa ba. Baki ya ɗan miƙe, likita ya ce tana iya magana in ta so. Ba ta so. Ta juya fuska bango, sai an yi ta lallashi take shan kunu cokali uku.

Bashira, autarmu, ta zo da rana. Ciki wata shida, na fari, an ce farkon Nuwamba. Tana gyaran ɗaki ta jawo taskirar uwarta daga ƙarƙashin gado. Bargon jariri a ciki, shuɗi, an saƙa rabi, kibiyoyin saƙa biyu a soke, zare ya ƙare. Jikokinmu shida, kowanne ranar suna an naɗe shi cikin bargon da Rahmatu ta gurza audugarsa, ta kaɗa, ta aika marina, ta saƙa da hannunta. Wannan ne na bakwai. Bashira ta yi maza ta tura taskirar ciki, amma uwar ta gani.

Ni dai shekara arba'in ina kiran abin wasan tsofaffi. Ina da hujja. Na karanta kaɗi da saƙa a Kaduna, na ƙara shekara biyu a Ingila, na riƙe sashen kaɗi a masaƙa shekara goma sha tara. Abin da take yi a wata, injina ɗaya kan yi shi kafin ta ɗaura ɗankwali. Yau masaƙar awaki ke kwana ciki. Takardun shaidata suna cikin akwati, gara ta fara karanta su.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na sayo ulu shuɗi a kasuwa, na ajiye mata a gefen gado. Na ce Bashira ta ƙarasa da shi, wa zai lura? Ta taɓa da hannun hagu, ta ture. Ta ce, "Jikana ba ya kwana cikin leda."

Maganarta ta farko ke nan tun Yuni. Kuma gaskiya ce, roba ce zalla, ni na fi kowa sani.

Asabar, 10 ga Agusta

Na nemi mai kaɗi. Inna Iklima ta Gobarau ido ya tafi. Wata a Ƙofar 'Yandaka ta rasu bara. Jikanyarta ta tambaye ni mene ne mazari. Garin da ya tufatar da rabin duniya.

Laraba, 14 ga Agusta

Na sa sakata a ƙofar zaure bayan azahar. Na rubuta wannan ne don in tuna cewa ba ni da niyya. Dubawa kawai na yi in ga ko audugar da ta rage za ta kai. Za ta kai. Na ɗauki mazarin, tsinke da dunƙulen yumɓu a gindi, shi ke nan duk injin. Na murza. Ya faɗi. Na murza, auduga ta tsinke. Sau tara.

Na ji wani sauti daga gado, na zaci shaƙewa ta yi. Dariya ce, da rabin baki.

"Injiniya," ta ce. "Taɓa alli tukuna."

Na shafa allin a yatsu, mazari ya daina suɓucewa. Ta sha kunu rabin kofi yau.

Lahadi, 18 ga Agusta

Gurza ba wuya, dutse da ƙarfe, angurya na fita gefe. Shiɓa da baka ma na iya, sai atishawa. Kaɗin ne. Namiji, ɗan shekara sittin da takwas, a kan tabarma da mazari kamar tsohuwar ƙauye. In aka ji a Ƙofar Sauri na gama fita.

Tana kwance tana kallon hannuna. Kalma ɗaya ta riƙe: "Sassauta." Na gaya mata zare mai kyau yana da adadin murɗinsa a kowane inci, ba abin da ake yi da ka ba ne. Na ɗauko rula na auna nata, kauri nan, siriri can, ko kusa ba zai wuce ɗakin gwajinmu ba. Ta ce, "To yi na ɗakin gwaji."

Juma'a, 23 ga Agusta

Bayan masallaci Alhaji Mannir, maƙwabcinmu, ya cire min wani abu daga gemu a gaban mutane. Ya ɗaga. "Malam Abdurrahim, hurhura ce ke zuba ko katihwa ka kwance?" Na ce matashin kai ne ya ɓarke. Ya ce Allah ya ɗinke. Mutumin da ya faɗi jarrabawar firamare sau biyu, yau motocinsa huɗu.

Talata, 3 ga Satumba

Ba rubutu kwanakin nan, yatsu na ciwo. Zare na fita sumul. Ko'ina kaurinsa ɗaya.

Litinin, 9 ga Satumba

Na gama, na haɗa biyu-biyu na murɗe. Na kai marina da kaina cikin jakar leda. Malam Babaji kaɗai ya rage a wurin, ramuka goma sha biyu an cike su da shara sai nasa. Shi ke yi wa Rahmatu rini tun muna sabon aure. Na ce tsomi bakwai, kamar yadda ya yi wa na farkon.

Ya ja zaren tsakanin yatsu, ya ƙara ja. "Wanga ba hannun Hajiya ba ne."

Na ce yarinyata ce ta kaɗa.

"To yarinyar taka namiji ce, kuma ranta a ɓace yake." Bai ko ɗaga kai ba. "Ba zai sha baba ba, Injiniya. An shaƙe shi."

Na ce ya tsoma dai, aikinsa rini. Ya tsoma.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na karɓo. Nata shuɗi kamar sama bayan magariba, nawa kamar rigar da ta shekara a igiya. Na ce wa Babaji ruwan rininsa ne ya mutu. Ya nuna min wani ƙyalle da ya fito daga rami ɗaya, rana ɗaya.

Asabar, 14 ga Satumba

Ta zauna yau, jingine da bango. Ta sa na soke mata kibiya ɗaya a hammatar dama, hannun da ya mutu ya danne ta, hagu na aikin duka. Wa ya koya mata haka, oho. Layi ɗaya ya ci mata kusan awa, gumi har wuya. Likita ya yi wata biyu yana roƙon ta zauna, bai samu ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Kwana biyar tana saƙa zarena. Ya kai faɗin yatsa huɗu. Ina gani saƙar na karkacewa gefe, zaren na nannaɗe kansa kamar tsutsa, na yi kamar ban gani ba.

Da la'asar ta ce in matso. Ta ɗora min ɓangarenta a kumatu. Ta juya, ta ɗora nawa.

Kamar buhun gero.

"Hwatar ɗan kwana bakwai," ta ce. Shi ke nan.

Na fita na zauna a zaure har kiran salla.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ban shiga ɗakin ba sai don kai magani.

Asabar, 21 ga Satumba

Bari in rubuta yadda yake. Zaren da na yi zaren tsaye ne na inji, wanda ake murɗawa da ƙarfi don ya jure jan ƙarfe. Shi na sani, shi na yi. Zaren saƙar hannu yana son iska a cikinsa, don ya yi laushi, don rini ya shiga. Wannan a shekarar farko aka koya mana. Ta faɗa min sau ɗari, Babaji ya faɗa min, ni ina riƙe da rula.

Wata guda ya tafi. Audugar da ta rage za ta isa sau ɗaya, ba kuskure. Sabuwa ba ta fitowa sai Nuwamba. Saura mako shida, mai saƙar kuma hannunta ɗaya.

Na shiga na zauna. Ban ba da haƙuri ba, ba ta nema ba. Na ɗauki mazari, ta ɗora hannun hagu a kan nawa na sama, wanda ke jan auduga. Duk sanda na matse sai ta ɗan buga min.

"Malam, kana riƙe ta kamar ita ta ruhe masaƙarku."

Na ce wa ya sani.

Ta ce, "Saki. Ba gudu za ta yi ba."

Rabon da hannunta ya daɗe haka a kan nawa, ban tuna ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Zaren yanzu kauri nan, siriri can. Da a masaƙa ne na kori wanda ya yi shi. Ta ja ta ce ya fara zama zare.

Talata, 8 ga Oktoba

Marina. Babaji ya ja, ya ja, ya ce, "Wanga kuma wace yarinyar?"

Na ce ita ce dai.

"To ta huce."

Na tsaya na kalli tsomin. Yana fitowa kore shar, ya shanya, iska na taɓa shi ya juye shuɗi a gaban idonka. Na san sunan abin da Turanci, na taɓa zana shi a allo. Ban taɓa tsayawa na gani ba. Ya ce 'ya'yansa uku ba mai son ramin, ɗaya na sayar da waya. Na ce ƙasar ke nan. Ya ce ƙasa ba ta hana ni zuwa ba yau.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Launi ya zo ɗaya da nata. Na ce ta warware yatsa huɗun nan nawa kafin ta ci gaba. Ta warware, amma da na duba ta bar layi biyu, fari-fari, daidai inda zarenta ya ƙare. Na ce wannan fa? Ta ce hannunta ya gaji. Na ce ni zan cire. Ta danne bargon da gwiwar hannu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Layi shida a rana. Na lissafa, za ta gama ranar biyu ga wata. Ina riƙe mata ƙullin zare ina warwarowa, ina maida kibiya in ta zame daga hammata. Ta ci tuwo jiya, da kanta, da hagu, tana neman gafara.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Bashira ta haihu da safe. Namiji, lafiya lau su duka. Alhamdu lillahi. Ya riga lissafina da kwana tara. Suna Alhamis mai zuwa, saura layi hamsin da huɗu.

Na ce a kai wa wata ta ƙarasa. Ta kalle ni irin kallon da ta yi wa ulu.

Litinin, 28 ga Oktoba

Kafaɗarta ta kumbura, hammata ta yi ja. Layi tara-tara take yi a rana, kafaɗar ba za ta kai ba. Da hantsi ta miƙo min kibiyoyin. Soka, naɗa, ja, zare. Na zubar da idon saƙa uku a layin farko, ta tsince su da hagu tana tsaki. Muna karɓa-karɓa, in ta huta ni, in na ɓata ita.

Laraba, 30 ga Oktoba

An gama bayan la'asar. Ita ta rufe bakin. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan inci. Ban auna ba, da ido na gani.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Suna. Siddiq aka sa masa. An kai Rahmatu a motar surukinmu, fitarta ta farko.

Ni ina wajen maza, abin da ya faru a ciki Bashira ce ta ba ni labari. Mata sun yi ta jujjuya bargon. Hajiya Zulaihat, uwar mijinta, ta ce da hannu ɗaya, Hajiya, wa ya yi miki kaɗin? Rahmatu ta ce ɗan koyo ta ɗauka. Aka ce a ina kika samo shi a zamanin nan? Ta ce ya daɗe a gidan, bai dai da saurin ganewa.

Bashira na faɗa tana kallon yatsuna. Ta ce, "Baba, layin nan biyu masu haske, ado ne?" Na ce kuskure ne. Ta ce Inna ta ce nan ne kakansa ya shigo.

An miƙo min yaron a naɗe. Yana barci, kumatunsa a kan ɓangaren ƙarshe. Bai motsa ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Sabuwar auduga ta fara shigowa daga wajen Malumfashi. Na sayi rabin buhu. Ba don komai ba, likita ya ce kada ta daina aiki da hannu, kuma ba za ta saƙa iska ba. Babaji ya aiko wai ya haɗa sabon rami, in ana so.

Tana cewa babban yatsan dama ya ɗan motsa jiya. Ban gani ba. Na dai zauna kusa yau ko zai sake.

Ɗakin duhu, sai na fito da tabarma bakin zaure inda haske yake. Na manta sakata. Alhaji Mannir ya yi sallama ya leƙo, ya tsaya, ya kalli taskira, ya kalle ni.

"Matashin kan ne har yanzu?"

Na ce ya shigo ya zauna ko ya matsa, ya tare min haske.

Ban ɓoye mazarin ba. Zare na tsakiyar fita, in na tsaya zai tsinke.