Tokar Hynek

Lhotka, 9 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Blanka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Ki gaida maigidan da yaran. Ni jikina lau, zuciyata ce ke tafasa, kuma ke kaɗai zan iya amayar wa.

An raba ni da yarana, Yaya. Kin san tun ina budurwa nake koya wa 'yan ƙananan ƙauyen nan zamiya a kan ƙanƙarar tafkin bayan coci in ya daskare, kowa yana tura kujerar kicin ɗin uwarsa har ƙafarsa ta tsaya. Ranar Talata dusar ƙanƙara ta ɗan yayyafa da safe, irin wadda ba a ko damuwa da sharewa. Madlenka, 'yar mai gasa burodi, a ranar ta fara sakin kujera. Ta taho a guje tana kira, "Inna Jarmila, dube ni!" Sai ƙarfen takalminta ya cije kamar an riƙe shi. Ta kifa, hannunta ya karye. Da na share wurin da safar hannuna, toka na gani shimfiɗe a ƙasa.

Ba sai na je wurin mai duba ba. Hynek Kubat ne, mai kiwon kifi a tafkin. Tun bara yake mita wai ƙarar takalmanmu tana tashin kifinsa daga barcin hunturu, suna ramewa. Kakanninmu sun yi zamiya a tafkin nan, ban taɓa jin kifin da ya kai ƙara ba. Kuma shi kaɗai ke zuwa da sassafe fasa wa kifin ramin iska. Na tare shi a kanti gaban mutane, ya dube ni yana murmushi. "Haba Jarmila, wane gida ne ba murhu? Kowa na zuba toka a hanya saboda santsi, iska ce ta kwaso. Sayi tabarau, tsohuwa, ki daina rataya min jakar tsaba."

Kuma aka yarda da shi! Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, wai idona ya mutu, ban duba ƙanƙarar ba. Magajin gari ya ce a zama mai zuwa za a hana zamiya a tafkin gaba ɗaya. Jiya uwar Madlenka ta miƙo min burodi ba ta ko kalli fuskata ba. Wannan ya fi min komai ciwo.

Na yi kukana na share. Rama cuta ga macuci ibada ne, kuma kin san ni ba na wasa da ibada.

Ƙanwarki,
Jarmila

Lhotka, 24 ga Janairu

Yaya Blanka,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da jiki. Na gode da safar ulun, ta yi min daidai. Wa'azin haƙurin da kika haɗo da ita ne bai shige ni ba. Ba sunanki ake ci a mashaya ba.

Ji abin da Allah ya kawo min har gida. Kin tuna Ivana, 'yar Hynek da ke aure a birni? Ni na koya mata zamiya. Ta zo min riƙe da 'yarta Dorotka, mai shekara biyar, ta ce, "Inna, ni ban yarda da surutun mutane ba. Ki koya mata a ɓoye. Ranar bikin shekara-shekara na sunan Baba ta faɗo Lahadi bana, ina so ta ba shi mamaki. Da ya ga jikarsa a kan ƙanƙara zai huce." Na ce mata lallai zai sha mamaki.

Na malala ruwa a tsakar gidana ya daskare, can muke yi duk ƙarshen mako. Na so in tsani yarinyar, Yaya, don hancin kakanta ne a fuskarta sak. Na kasa. Abin da nake fara koya wa yaro shi ne faɗuwa: durƙusa, faɗi ta gefe, dunƙule yatsu kar wani ya take su. Ita kuwa ta mai da shi wasa, tana zubewa da gangan tana cewa, "Inna, na iya mutuwa?" Yanzu ta saki kujera, tana tafiya kamar agwagwa, amma tana tafiya.

Na roƙi magajin gari ya zo ya ga tafkin da idonsa kafin a yanke hukunci. Sannan na je kanti lokacin da na san Hynek na sayen tabarsa, na ɗaga murya na ce ranar Lahadin bikin nasa bayan coci ni da kaina zan sa takalmi in zagaye tafkin, kowa ya zo ya ga ko idona ya mutu. Bai juyo ba, amma na ga kunnensa ya motsa. Na san shi tun muna aji ɗaya, ba zai iya barin wannan dama ta wuce ba. Rediyo ya ce za a yi dusar ƙanƙara.

Kada ki rubuto kina tambayata abin da zan yi da yarinyar. Ni ba Hynek ba ce.

Taki har kullum,
Jarmila

Lhotka, 3 ga Fabrairu

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk gidan. Zauna sosai kafin ki karanta.

Dusar ta sauka, 'yar kaɗan, daidai yadda nake so. Aka fito daga coci, rabin ƙauyen ya gangaro bakin tafki. Hynek na can gefen bukkarsa da sabuwar hula, ya harɗe hannu yana jiran tsohuwa ta karya ƙugu. Har ya ɗaga murya, "A kira motar asibiti tun yanzu, ko sai an gama?" Wasu suka yi dariya, na haddace fuskokinsu.

Na zauna a benci kamar zan ɗaura takalmi. Sai Ivana ta fito daga bayan mutane da Dorotka, takalma a ƙafa, fulawa a hannu. Na tsayar da ita a bakin ƙanƙara, na ce, "Ga Kaka can. Je ki kai masa." Ta sa ƙafa ɗaya, ta ɗaga fulawar tana kiransa.

Yaya, ban taɓa sanin mutumin nan na da gudu ba. Hula ta faɗi, ya taho yana ihu kamar an watsa masa wuta: "Dorotka, tsaya! Kar ki shigo! Akwai toka daga benci har tsakiya! Ivana, riƙe ta!"

Kowa ya juya ya duba. Tafkin fari fat, ko ɗigon baƙi babu. Magajin gari ya sa ƙafa ya share gaban bencin, ga tokar nan. Ya ɗago ya ce, "To Hynek, kai wane irin tabarau gare ka?"

Ita yarinyar ko taku biyu ba ta yi ba. Bel ɗin rigarta na naɗe a hannuna tun farko, har yatsuna suka yi sanyi. Duk da haka Ivana ta fizge ta, ta ce min, "Inna, da 'yata kika ɗana tarko?" Na ce da ita, eh. Ba ta yi min sallama ba, kuma ƙila ba zan sake ganin Dorotka ba. Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma in kina jiran in ce na yi nadama, za ki daɗe.

An bar maganar hana zamiya. Uban Madlenka ya so ya kai Hynek kotu, na ce ya kai, amma a fara ba ni shi tukuna. Na ce sai ya kankare tafkin, ya yi ta jido ruwan zafi daga gidansa yana malalawa har ƙanƙarar ta koma sumul. Yau ya fara, da bokiti biyu, bayansa a sunkuye, yarana duka a jere a kan benci suna kallo.

Uwar Madlenka da kanta ta kawo ta, ta riƙe hannuna. Na zaunar da yarinyar a gaba, hannunta rataye a wuya, na ce ita ce mai duba aiki. Duk sanda Hynek ya miƙe zai huta, sai ta nuna da hannun mai lafiya ta ce, "Baba, nan ma da saura."

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Jarmila