Muryar Baba Da Na Goge Da Hannuna

Roumdé Adjia, Garuwa

Zuwa ga Yaya Abdulhalim,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Duwala, Allah ya ƙara rufa asiri. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ke taɓa ta wani lokaci. Hafsa ta dawo daga Poli da goyonta, gida ya cika da hayaniya. Ni kaɗai ce ba lafiya ba, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Yaya, na yi ɓarna. Ka san tun da muryar da ke karanta min tsohuwar kwamfutata ta mutu, na koma ina lalube kamar ranar da na fara makancewa. Da ka aiko min da kile ɗin nan, wato filas, mai manhajar Linux, ka ce kyauta ne kuma yana magana tun daga wajen saka shi, har rawa na taka a tsakar gida. Ka ja min kunne sau uku cewa in kwashe kayana tukuna. Na kwashe, ko in ce na zaci na kwashe. Da yake kwamfutar ba ta magana, da ka na bi maɓallan, na jira iya abin da raina ya ce min ya isa, na zare ɗayan kile ɗin da na zuba su. Josiane, wadda muke aiki tare a ofis, ta ce in bari ta duba min allon. Na ce mata ai don in daina roƙon idon mutane nake wannan wahalar. Ka san ƙanwarka da taurin kai, ba yau ka fara ba.

Da sabuwar muryar ta Linux ta tambaye ni ko a share komai a zuba sabo, na ji sarai, na amince, har da murmushina. Yanzu Linux ɗin yana aiki lafiya lau, ba ni da abin da zan zarge shi da shi. Da na maƙala kilen da na zuba kayana, shi ne ma ya karanta min sunan jakar karatun Baba da Faransancinsa mai sauri, sannan ya ce babu komai a ciki. Sau bakwai ina sa shi yana maimaitawa. Karatun azumi goma sha ɗaya da na juyo daga kaset, duk sun tafi.

Josiane ta kai ni wurin wani mai gyara, Boris. Ya ce kada in sake kunna kwamfutar, domin duk abin da na rubuta yana hawa kan na da, kuma ko ya gwada bai yi min alkawari ba. Shi ya sa da kwamfutar Josiane nake rubuto maka.

Don girman Allah, Yaya, kaset-kaset ɗin da ka tafi da su bayan rasuwar Baba, suna nan? Na san ka ce damshin Duwala yana cin kaya, kuma kun tashi gida sau biyu. Ka duba min ko da guda ɗaya ne. Idan da hali, wanda Baba ya tsaya tsakiyar Suratu Maryam ya ce in kawo masa ruwa, ya kira sunana har sau biyu. Idan ma an zubar, ka faɗa min gaskiya, kada ka lallaɓa ni. Ban gaya wa Inna ba, ita da nake kunna mata karatun duk Juma'a, kuma yau Talata.

Ka gaida min Anti Achta da Muhaimin da Hibatullahi. Inna da Hafsa suna gaishe ku.

Ku kuna da hoton Baba a bango, Yaya. Ni jiya na zauna in tuno yadda yake kiran sunana, sai na ji muryar kwamfuta a kunnena.

Taka ƙanwa mai jiran amsa,
Hawa'u