Ina Aka Kai Bayanina Kan Launin Ƙarfe?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Shirye-shirye na gidan rediyonmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Haladu Maƙeri na Roni, mai shekara talatin da ɗoriya a bakin wuta, wanda ya kammala ajin yaƙi da jahilci bara. Wannan rubutun hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Na ɗaya. Bayan Babbar Sallah, a shirinku na kimiyya, wani Dakta ya ce akwai wata ƙatuwar duniya da ke kewaya wani tauraro mai nisa, gefenta ɗaya kullum yana fuskantarsa. Ya ce zafin wajen yana mai da ƙarfe tururi, iska ta kwashe shi zuwa gefen duhu, ya sauko kamar ruwan sama. Da aka tambaye shi yadda aka auna zafin alhali ba wanda ya je, sai ya ce daga haske ake ganewa, amma ya kasa fayyace wa talaka.

Na biyu. Na yi kwana huɗu ina rubuta muku wasiƙa. A sakin layi na uku na bayyana cewa mu maƙera ba sai mun taɓa ƙarfe muke sanin zafinsa ba. Launi muke dubawa. Ja mai duhu bai isa dukan guduma ba, ruwan goro ya isa, in ya yi fari yana tartsatsi ya kusa lalacewa. Kun karanta gaisuwata da sunana a shirin, kuka tsallake wannan.

Na uku. Bayan mako biyu Daktan ya dawo, ya kawo misalin maƙeri da launin ƙarfe, har da ruwan goro. Bai ambace ni ba. Ban ce an yi sata ba, ranka ya daɗe, amma ina son sanin teburin da wasiƙata ta kwana a kai, da hannun da ya ɗauke ta.

Yanzu a majalisarmu ana cewa a rediyo na ji maganar launin ƙarfen na haddace, wai rubutuna bai wuce gaisuwa ba. Dattawa uku da na lallaso suka shiga ajinmu sun daina zuwa.

Saboda haka ina roƙon a karanta sakin layin nan cikakke, da sunana, a cikin shirin. A kuma tambayi Dakta, cikin girmamawa, inda ya samo ruwan goro. Kwafin wasiƙar yana wajen malaminmu, da sa hannunsa. Idan taku ta ɓata, zan kawo shi da kaina in karanta da bakina. Yanzu na iya.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya tsare ofishinka daga ɓatan takardu.

Wassalam.

Haladu Maƙeri, Roni.