Labulen Ɗakin Baba

Zuwa ga ƙanwata, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da keken ɗinkin da ya hana ki ziyartar mu.

Wata 'yar buƙata ce ta sa na tuna ina da ƙanwa tela. Labule nake so na ɗakin Baba, faɗi ƙafa shida, tsayi ƙafa bakwai. Yadin ya zama marar nauyi, mai barin haske ya shigo. Launi kuwa na bar miki, tunda kin taɓa cewa idona bai san bambancin shuɗi da toka ba. Ki ba direban da ya kawo wannan takarda idan ya sake zagayowa.

Kowa lafiya. Baba yana gaishe ki.

Yayanki.

*

Yaya,

Na ga saƙo, ina amsa gaisuwa. A gaishe da matarka da yara.

Tagogi tara ne a gidanmu, kuma kowacce ni na ɗinka mata labule. Biyu masu luba a falo, ƙafa huɗu-huɗu. Doguwar siririya ta kicin, wadda ba ta son komai sai ɗan guntun leshi. Mai kan baka ta saman ƙofar shiga, wadda na sha faɗa muku a bar ta tsirara, kuka ƙi ji. Ta ɗakin Baba kuwa 'yar mitsitsiya ce, ƙafa uku, can sama kusa da silin, sai na hau kujera nake kai mata sandar labule.

To ina ka samo ƙafa shida da bakwai? Irin wannan awon sai sababbin benayen nan na bakin titi, masu gilashin da ake turawa gefe. Ga shi sama da wata guda ke nan duk na kira wayar Baba kai ke ɗauka: yana barci, yana wanka, ya ɗan fita. Mutumin da ko barcin rana yake kira lalaci!

Ka faɗa mini gaskiya, ka sayar da gidan ne ka kwashe tsoho zuwa haya? Almakashina ba zai taɓa yadi ba sai na ji.

A huta lafiya.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardar tuhumarki sau biyu, na kuma yi baƙin cikin asarar da aikin ɗan sanda ya yi ranar da kika zaɓi ɗinki.

Gida yana nan inda kika bar shi, har da tsagewar bangon falo. Babu wanda ya taya, kuma da kin ga rufin bayan ruwan bana da kin san dalili. Magini kawai na kira ya faɗaɗa tagar, ya sauko da ita ƙasa. Likitoci sun yi rubutu da yawa a kan amfanin iska da hasken rana, sai dai na san ba ki karanta komai in ba tef ɗin awo ba.

Tunda awo kike so, ga shi. Bakin tagar ƙafa biyu ne daga ƙasa. Kada ki yi mai zobban da ake ja da hannu, ki yi mai igiya. Igiyar ta sauko ta hagu, doguwa, a ɗaura mata wani abu mai kauri a ƙarshe wanda hannu zai kama ba wahala. Ya riƙa tafiya sumul, ko da ɗan ja kaɗan.

Baba ya ce ki daina yawan tambaya. Ki gaishe da maigidan, Allah ya ƙara masa haƙuri.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yarda ba ka sayar da gida ba. Da ma shi ka sayar.

Da takardarka ta iso na ɗauki tef na auna ƙafa biyu a bangon shago, na ja layi da alli, na tsaya ina kallo. Mai tsaye ba ya buƙatar taga a nan. Na zauna a kujera, nan ma ba dole. Sai da na kwanta a kan teburin yanka, ma'aikatana suna kallona kamar na zautu, sannan layin ya zo daidai idona.

Shekara goma sha takwas ina wannan sana'a. Sau biyu aka taɓa sa ni ɗinka labule mai igiya doguwa da abin kamawa, kuma duka biyun na rataya su a gefen gadon wanda ba ya tashi.

Sannan hagu, Yaya? Baba da dama yake rubutu, da dama yake shan shayi, da dama ya ja kunnenka ranar da ka fasa gilashin falo. Kuma shi ne ya sa aka yi tagarsa can sama, don kada masu wucewa su san ko yana gida. Yau shi zai yarda a fasa masa bango don likitoci sun yi rubutu?

Na yanka yadin, fari mai ratsin ruwan ƙasa, na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Na ɗinke shi jiya ban ko ci abinci ba. Amma direba ba zai gan shi ba. Me ya sami ubana, kuma tun yaushe? In ka sake amsa mini da barkwanci, wallahi ba ni ba kai.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Na karanta wa Baba takardarki. Da na gama, ya ce in ɗauko biro. Ban ƙara ba, ban rage ba:

"Uwata, ina gaishe ki. Ki bar yayanki, ni na hana shi. Wata biyu ke nan hannun dama da ƙafar dama sun daina jin maganata. Bakin ma sai kwanan nan ya dawo. Ban so ki zo ki tarar ana ba ni abinci a cokali ba.

"Na gaji da kallon silin, shi ya sa na ce a fasa bangon. Ashe titin nan akwai abin kallo.

"Ki zo. Kuka kuma ki gama shi a mota. Ki faɗa wa yayanki rana da lokaci, don a tayar da ni zaune a gyara mini hula. Ina so in riga kowa ganin ki."

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki.