Fil Bakwai a Bayan Mai Sanƙo

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar. Na yi bayani har bakina ya gaji, kuma kowane bayani ƙara dagula lamarin yake yi.

Ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ina banɗaki, surukar yayata ta shiga ɗakin da nake kwana tana neman almakashi. A gidan Yaya nake zaune tun da na gama jami'a, ina jiran aiki. Ita kuma Hajiya ta zo ne jinyar ɗanta, mijin Yaya, direban babbar mota, wanda ciwon baya ya kwantar. Ba ta sami almakashin ba. Abin da ta samu a akwatin ɗinkina 'yar tsana ce ta namiji, mai sanƙo, mai ido ɗaya, da fil bakwai soke a bayanta.

Ga gaskiyar abin. Akwai wani katun, wato fim ɗin zane, mai dogon zango da nake bi tun ina aji biyu. Ba zan faɗi sunansa ba, don masu kallonsa a wajenmu ba su da yawa, za a gane ni. A cikinsa akwai wani tsoho mai gadin ƙofar duniyar wata, shi na fi so. Mu masu kallon muna da zaurenmu a waya, kuma duk shekara mukan haɗu a wani ɗakin taro, kowa ya baje abin da ya yi da hannunsa: wani takobin kwali, wata fukafukan soso. Ni da kwarashi nake saƙa mutanen cikin katun ɗin. Fil ɗin nan rigar tsohon na riƙe da su kafin in ɗinke. Ido ɗaya kuwa, maɓalli ɗaya gare ni mai irin launin, ina neman na biyu.

To, mijin Yaya ma sanƙo gare shi, kuma yana da tabo a gira, kamar tsohon. Na yi wa Hajiya bayani cikin ladabi cewa tabon ɗanta a girar dama yake, a kwance, na 'yar tsanar kuma a hagu, a tsaye. Sai ta dubi Yaya ta ce ashe har haka na ƙare wa fuskar mijinta kallo.

Daga nan ta tuno maganganun da ta ji ina yi a waya. Na farko, na ce mai sanƙon nan ba zai kai ƙarshen shekara ba. Na faɗa, ban musa ba, amma a kan labarin da ya fito ne cewa masu shirya katun ɗin za su kashe tsohon a zango na ƙarshe, duk zaurenmu a kansa ake rigima. Na biyu, na ce saura in sa masa ido in gama da shi kafin Asabar. Wannan ma na faɗa. Asabar ce ranar baje kolin.

Akwai kuma batun rigar. Ƙyallen da na yanka daga tsohuwar rigar mijin Yaya ne, shuɗiya mai ratsi, wadda Yaya da kanta ta ba ni a matsayin tsumma. Launinta ya dace daidai, shi ya sa. Hajiya ta gane ta nan take, wai ita ta saya masa.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta naɗe abin a leda ta kulle a jakarta. Tun ranar ba ta cin girkina, ruwan da za a kai wa ɗanta ma da hannunta take ɗebowa. Ta gaya wa Yaya a zaɓi ɗaya: ko a ƙone abin a gabanta, ko in tattara in koma gidanmu. Yaya na kuka a kicin tana roƙona in bari a ƙone a huta. Ba watanni biyun da na yi ina saƙa ne suka fi damuna ba, Anti. In na yarda aka ƙone, kamar na amsa laifin ne, kuma Yaya za ta zauna da wannan tabon a dangin miji. In na ƙi, Yayar ce za ta sha wahalar zaman. Na nuna hoton tsohon a waya, Hajiya ta ce ai waya ba abin da ba ta zanawa.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba: ko mijin Yaya ya san abin da ake ciki, don yana ɗaki kuma kowa na yi masa shiru. Ko Hajiya ta gaya wa sauran 'ya'yanta. Ko Yaya ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, ko kunyata take ji. Sai kuma ko Hajiya ta zare fil ɗin, domin jiya mijin Yaya ya ce bayansa ya ɗan yi sauƙi, kuma Hajiya ta kalle ni.

Taki,
Mai Kwarashi

Amsa

'Yata Mai Kwarashi, na yi dariya da na fara karanta wasiƙarki, da na zo wajen kukan yayarki sai na daina.

Na yarda da ke, babu wani asiri a nan. Amma haba, ke ma ki tsaya inda Hajiya take tsaye. Ɗanta na kwance da ciwon baya, ta buɗe akwati ta ga mai sanƙo sanye da rigarsa, fil a bayansa. Ko ni ce, sai gabana ya faɗi. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta, kuma mai tsoro ba ya jin dama da hagu. Kin ɗauki abin kamar jarrabawa, kina kawo hujja bayan hujja. Ki daina.

Laifinki ɗaya ne, rigar. Tsumma ne a wajenki, a wajenta kayan jikin ɗanta ne. A kan wannan kaɗai za ki ba da haƙuri, kuma ki ba da shi da gaske, ba tare da kin haɗa da "amma" ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mata uku kuna ta rigima a kan mutum, shi yana ɗaki bai sani ba. Ciwon baya gare shi, ba ciwon kunne ba. Yayarki ta shiga yau ta gaya masa komai, har da maganganun wayar, ta nuna masa katun ɗin ya kalla. Abin da Hajiya ba za ta karɓa daga bakinki ba, za ta karɓa daga bakin ɗanta, musamman in ya yi dariya. Shi zai ce ta fito da ledar. A gabansu ki warware rigar da hannunki, ki miƙa mata ƙyallen, ta yi yadda ta ga dama da shi. In ƙonawa take so, ga abin ƙonawa.

'Yar tsanar kuma kada ki yarda a ƙone ta, kin yi gaskiya, za a daɗe ana ba da labarin a yadda bai faru ba. Amma kada ta sake kwana a gidan. Ki kai wa wata ƙawarki ta zauren. In ba ta fito daga jaka ba kafin Asabar, ki haƙura da baje kolin bana, kada ki tayar da wata rigimar don ɗakin taro. Zaman yayarki ya fi shi nauyi.

In duk an yi wannan Hajiya ba ta sauko ba, ki je gida ki yi musu kwana biyu, da sunan ziyara, da sallama mai kyau, ki dawo bayan ta tafi. Wannan ba kora ba ce.

Nan gaba ki riƙa saƙarki a falo, a idon kowa, ki fara da saƙa wa Hajiya abin ɗora tukunya ko jakar waya. Hannun da aka ga yana aiki ba a cika zarginsa ba. Shi kuma maigidan a kai shi asibiti a duba bayan nan sosai, a kuma duba kujerar motarsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya kawo miki aikin da zai cinye rabin lokacin nan da kike da shi.

Antinku