Man da Baba Ya Juye

Zongo, Lome, 4 ga Maris

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ya Yamai, ya Anti Yasmine? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Takarda na rubuto maimakon waya don ka san Baba, idon ne ya tafi, kunnen nan ko raɗa na yi a bayan gida sai ya ji.

Maganar bashen da ka saya mini ce, motar nan mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar albasa. Ran Talata na hau zemijan, babur ɗin haya, na je unguwar Tokoin, na dawo bayan la'asar na tarar da ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashinta. Wai ya zaro sandar awo ya murza baƙin man a yatsa, ya ji shi tsararo kamar shayi, sai ya yanke cewa 'yan kamfani sun cuce ni, sun sirka da kalanzir. Ya lallaba wajen Mamadou mai kayan mota ya sayo mai kaurin nan da ya shekara talatin yana zuba wa tsohuwar motarsa a hanyar Cinkassé. Ya juye, ya canja filta, duk da lalube.

Na buɗe baki zan yi faɗa, wallahi na kasa. Dariya yake yi, Yaya. Rabona da ganin haƙoransa tun ranar da likita ya hana shi tuƙi. Ya sa na tayar da injin, ya kafa masa sukundireba ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Yaya zan yi da garanti?

Ƙanwarka,
Kubura

Yamai, 11 ga Maris

Kubura,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba, saƙonki ya iso, kuma raina bai yi daɗi ba.

Sharaɗin garantin a rubuce yake cikin littafin motar: mai 5W-30, juye a kamfani, hatiminsu a kowane shafi. Injin zamani hanyoyinsa ƙanana ne, mai kauri ba ya ratsa su da wuri. Idan ya lalace a kan wannan, ba wanda zai saurare ki. Ki kai ta gobe a sauke man. Sannan ki ɗauke akwatin sifanoninsa ki kulle a ɗakinki. Ki daina biye masa.

Ki gaishe shi da kyau. Na bar ki lafiya.

Nu'uman

Zongo, 20 ga Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ranka ya daɗe mai dokoki, na kai ta, amma Baba ya riga ni shiga gaba da hularsa ta Juma'a, ya ce sai ya ga ɓarayin da idonsa. Da wane idon, ban tambaya ba.

Shugaban garejin, Malam Lukuman, bai ko gama duba filtar ba Baba ya ce shi ya yi aikin, yana buga ƙirji. Mutumin kirki ne. Ya ba shi kujera, ya ɗiga masa sabon man a tafin hannu, ya yi masa bayani a hankali cewa haka aka yi shi tun daga masana'anta. Sannan ya rubuta a littafin cewa inji ya fita daga garanti, sauran motar na nan a ciki. Baba ya daɗe yana murza yatsunsa.

A hanyar dawowa ya ce in bi bakin teku. Ya sauke gilashi, ya jingina kai, ya soma kiran garuruwan tsohuwar hanyarsa ƙasa-ƙasa: Tsévié, Notsé, Atakpamé, Sokodé. Ya gaya mini inda ake sayen doya, inda hazo ke sauka kan dutsen Aledjo da safe har ba ka ganin hancin motarka, inda Inna ta taɓa jiransa ƙarƙashin mangwaro da kwanon fura. Ni ina kallon kwakwa da jiragen ruwa, shi yana can arewa. Har muka iso ƙofar gida bai wuce garin Kara ba.

Washegari na tarar da akwatin a bakin ɗakina. Shi ya jawo shi da kansa. Ya ce, "Kulle shi, Kubura. Na ji abin da na jawo miki."

Kwana uku ke nan akwatin na nan, tsallake shi nake yi. Baba ko zaure ba ya fitowa. Tausayinsa ya ishe ni, kai kuma haushinka nake ji.

Taka,
Kubura

Yamai, 26 ga Maris

Kubura,

Sallama. Na karanta takardarki sau uku a ofis, ban yi aikin komai ba.

Mayar masa da akwatin yau. Ki sayi man da littafi ya ce ki ajiye. Saura kilomita nawa juye na gaba? Ki gaya masa ya jira ni, zan zo. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa shiga ƙarƙashin mota tare da shi ba.

Yayanki,
Nu'uman