Ranar da Keziah Ta Ƙarasa Mana Labarin

Polgarth, Cornwall
Watan Maris, 1872

Zuwa ga 'yata Selina,

Gaisuwa mai tarin yawa daga tsohonki, tare da roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta tsallake teku har New Zealand ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai ina nan da sauran numfashi, mun gode Allah. Sanyin bana ya zauna mini a ƙirji, gwiwoyi kuma sai da lallashi. Tun rasuwar mahaifiyarki gidan ya yi mini girma. Sai in wuni ban ji muryata ba, in ba ranar Asabar ba da nake yi wa jama'a karatu a ɗakin makaranta. A wurin karatun nan ne na ga abin da har yanzu bai bar raina ba.

Kin tuna Keziah Roskilly mai wanki, wadda ta haihu ba aure tun kina ƙarama. 'Yar tata, Loveday, ta girma, yarinya mai natsuwa, kuma Jabez Trudgeon maƙeri yana son aurenta. Sai dai uwarsa, Misis Trudgeon, ta kafe. Ta ce ba ta ga aibin yarinyar ba, amma hali a jini yake, kuma ba za a yi sanarwar auren ɗanta a coci da wadda ba a san ubanta ba. Jabez kuwa kin san shi, yana lanƙwasa ƙarfe, uwarsa tana lanƙwasa shi.

To, labarin da muke karantawa irin mai fitowa wata-wata ne, matar limamin coci ta zaɓo shi don 'yan mata su ɗauki darasi. Wata yarinya ce mai ɗinki, ɗan maigidanta ya yaudare ta ya gudu. Kin san yadda marubutanmu suke yi da irin waɗannan mata: ko zazzaɓi ya ɗauke su, ko kogi. Ba a barin su su tsufa. Shi kuwa namijin, a shafi na gaba ake yi masa aure. Duk hunturun nan matan garinmu sun ɗauki yarinyar labarin kamar 'yar cikinsu. Misis Trudgeon ta fi kowa, kullum tana gaba da hankicinta, tana cewa da tana kusa da ta rungume baiwar Allah. Keziah kuwa a bencin baya take zama, ko ɗakin ya cika sai ka ga gefenta da sauran wuri.

Ranar da za mu ƙare labarin, na kai inda yarinyar ta tsaya a kan gada, sai tari ya sarƙe ni. Aka ba ni ruwa, murya ta ƙi dawowa. Aka ce matar limami ta karɓi karatun, ta ce ba ta zo da tabarau ba. Mai gasa burodi ya ce shi karatunsa a jikin buhun gari ya tsaya, aka yi dariya. Muna cikin haka sai na ji taku daga baya. Keziah ce. Ta karɓi takardar daga hannuna, ta ce ni na koya mata karatu, bari ta hutar da ni. Wata ta yi raɗa, wai ai wannan ba sai ta duba takarda ba. Ta ji sarai, ba ta waiga ba.

Selina, na tsufa ina sauraron masu wa'azi, ban taɓa jin karatu irin wannan ba. Ba ta yi sauri ba, muryarta ba ta yi rawa ba. Ta karanta faɗawar yarinyar cikin ruwa, da yadda aka tsamo ta da safe, da inda marubucin ya ce mutuwa ta wanke ta. Ina kallon hannayenta da sabulu ya cinye, ko motsi ba su yi ba. Mata kuwa sai shessheƙa suke yi. Da ta gama ta naɗe takardar, ta dubi jama'a ta ce: "Ni ma na tsaya a gadar garin nan, da Loveday a cikina. Na koma gida ne don akwai wankin mutane da ban gama ba. Ku yi haƙuri, nawa labarin bai yi kyau kamar wannan ba." Ta koma bencinta.

Ba wanda ya iya ɗaga kai. Ni da na ƙarar da idanuna a kan littattafai, ban taɓa haɗuwa a cikinsu da macen da ta juyo daga gada ta ci gaba da rayuwa ba, ga ta kuwa shekara da shekaru tana wuce ƙofata da kwando a hannu. Misis Trudgeon ta daɗe tana duban jiƙaƙƙen hankicinta. Can ta miƙe, ta bi tsakiyar ɗaki har baya. Kowa ya zaci faɗa za a yi. Sai ta ce wa Keziah ta zo shan shayi ranar Alhamis, ta ƙara da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ta ƙofar gaba za ki shigo, ba ta inda kike kawo wanki ba."

Lahadin da ta wuce aka yi sanarwar auren Jabez da Loveday a coci karo na farko. Jiya kuma Loveday ta zo har gida, ta ce tunda ba ta da uban da zai riƙe hannunta ya taka da ita cikin coci ya miƙa ta ga ango, ko zan yarda in yi. Na ce mata tafiyata yanzu sai da sanda. Ta ce ai ba sauri suke yi ba. Na amsa mata. Ki taya ni addu'a Allah ya kai ni ranar auren, bayan bikin Ista.

Ki gaishe mini da maigidanki Enoch, da jikokina Barnabas da Honor, ki ce musu kakan da ba su taɓa gani ba yana ambatonsu kullum. Gwaggonki Thirza ma tana gaisuwa. Ubangiji ya tsare ku duka.

Mahaifinki mai kewarki,
Obadiah Penhale